Ruwa Ya Ɗauke Ko Da Saura? Mako Guda A Ƙasar Gobir Da Hasashen Yanayi Uku

Duk wanda ya shiga ƙasar Gobir a farkon watan Oktoba zai tarar da tambaya ɗaya tana yawo a bakin mutane: ruwa ya ɗauke ke nan, ko da saura? Ana yin ta a tasha, ana yin ta a ƙofar masallaci, mata ma suna yin ta a bakin rijiya. Dalili kuwa a fili yake. Gero ya nuna an yanke, dammuna suna jibge a gona suna jiran a kai su rumbu. An tuge gyaɗa an kife ta tana shan rana. Harawar da za a ciyar da tumaki da ita har bazara tana shanye. Ruwa guda mai ƙarfi ya isa ya jiƙa waɗannan duka, hatsi ya yi baƙi, gyaɗa ta yi hunhuna, ita kuwa hunhunar gyaɗa tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta. A gefe guda kuma ga mai dawa da mai waken da aka shuka a makare, su addu'arsu a ƙara musu ruwa ko da sau ɗaya ne. Sai ka ga a gida ɗaya wa yana roƙon rana, ƙane yana roƙon hadari.

A da dattawa ake kai wa wannan tambaya. Yanzu an ƙara da duk yaron da aka gani riƙe da babbar waya: "Kai ɗan makaranta, duba mana, mi wayar taka ta ce?" Matsalar ita ce wayoyin ba su cika yin magana da baki ɗaya ba. Wannan ta nuna ɗigon ruwa a ranar Alhamis, waccan ta nuna rana tar. Shi ya sa da na sami hutu na je wurin kawuna a Sabon Birni, na riƙe littafin rubutu, na ɗauki mako guda ina kwatanta abin da manhajojin hasashen yanayi guda uku suke faɗi da abin da sama take yi. Abin da na gano zai yi muku amfani, ƙannena ɗalibai, domin ku ne ake tambaya a gida.

Hanyar Gobir

Daga Sakkwato motar Sabon Birni takan bi ta Achida da Goronyo, tana tafe kusa da kwarin Gulbin Rima. A kaka hanyar tana da kyan gani. A kan tudu ciyawa ta soma ja, karan gero a kwance, yara suna kora jakuna da kaya. Idan ka dubi fadama kuwa shar take, ga shinkafa tana jiran lauje, ga masu albasa suna rainon iri don noman rani. A wannan yanki ne madatsar ruwa ta Goronyo take, wadda aka kammala a 1984, kuma an gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942.

Ba a ɓoye yake ba, tafiya a wannan hanya ta sauya a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Direbobi suna tashi da hantsi, suna ƙoƙarin isa kafin la'asar. Manoman Sabon Birni da Isa da yawa ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa sai a ƙungiya, kuma ba kullum ba. Wannan ya ƙara wa tambayar ruwa nauyi. Mutumin da yake da kwana biyu ko uku kacal na kwashe amfanin shekara guda, dole ya san waɗanne ranaku zai zaɓa.

A kufan Alƙalawa

Kwana biyu da isata, wani dattijo abokin kawuna ya raka ni kufan Alƙalawa da safe a kan babur. Wanda ya karanta sunan a littafin tarihi zai zaci zai ga gine-gine. Abin da ya rage shi ne tuddan da ganuwa ta zube ta bari, da tsingaron tukwane a cikin ƙasa, da gonaki. Amma nan ne babban birnin Gobir tun daga tsakiyar ƙarni na 18, lokacin da Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara da yaƙi ya kafa hedikwatarsa a bakin gulbi. Ana ba da labarin cewa wurin gonakin Alƙalin Zamfara ne, daga nan sunan ya samo asali. A nan ɗansa Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma Yunfa ya zauna har zuwa watan Oktoba na 1808, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin.

Ku lura da watan: Oktoba, wato kaka. A wancan zamani yaƙi ma yakan jira ruwa ya ɗauke, gulbi ya janye, dawakai su sami hanya, hatsi ya shiga rumbu a sami guzuri. Ashe tambayar da ake yi a tashar Sabon Birni yau, sarakuna da mayaƙa sun yi ta a wannan wuri fiye da shekara 200 da suka wuce.

Bayan faɗuwar birnin Gobirawa suka watsu. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Najeriya. Shi kuwa hadari bai san da wannan iyaka ba. Wanda ya zuba a Maraɗi da la'asar yana iya iso mu da dare.

Yadda damina take bankwana

Kafin mu shiga maganar waya, sai mun fahimci abin da ke faruwa a sama a wannan wata. Iskoki biyu ne suke jan ƙasarmu tsakaninsu. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar tana fitowa daga Hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura. Inda suka haɗu akwai wani layi da ido ba ya gani. A watan Agusta layin yana can arewa da mu, cikin Nijar har wajen digiri 20, iskar teku ta lulluɓe mu, shi ne tsakiyar damina. Daga Satumba sai ya soma ja da baya zuwa kudu. Sabon Birni tana tsakanin digiri 13 da 14 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tana cikin wuraren Najeriya da layin yake fara bari. Da zarar ya wuce mu ya zauna, ruwa ya ƙare, hunturu na hanya.

Sai dai layin ba ya tafiya kai tsaye kamar mota a kan kwalta. Yau ya matsa kudu, jibi ya ɗan dawo arewa. Kowace dawowa tana iya zuwa da hadari guda na bankwana. Wannan kai-komo shi ne yake rikita manoma, shi ne kuma yake rikita kwamfuta.

Akwai wani abu da ɗalibai sukan tambaya: idan iskar damina daga yamma take zuwa, me ya sa hadari yake tasowa daga gabas? Amsar ita ce iskar da muke ji a jikinmu ta ƙasa ce. A can sama, kamar kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce take tura gizagizan. Ta ƙasa tana kawo laima, ta sama tana jan ragama.

Daga ina waya take samo labarinta?

Yawancin manhajojin da ke wayoyinmu ba su suke yin hasashen ba. Suna ɗebo shi ne daga wasu manyan tsare-tsaren lissafi da ake gudanarwa a kan manyan kwamfutoci. Biyu sun fi shahara. Akwai tsarin Turai na cibiyar ECMWF, wadda aka kafa a 1975, hedikwatarta tana garin Redin a Ingila, kwamfutocinta kuma suna Bolonya a Italiya. Akwai kuma tsarin Amurka mai suna GFS, na hukumar NOAA, wanda ake sabunta shi sau huɗu a kowace rana, yana hangen har kwana 16. Ingila da Jamus da Faransa ma kowacce tana da nata.

Yadda suke aiki shi ne, da farko a auna halin da iska take ciki yanzu: zafinta, nauyinta, laimarta da inda ta dosa. Ana samun wannan daga tashoshin ƙasa, da jiragen sama da na ruwa, da balan-balan da ake saki ɗauke da na'ura, da taurarin ɗan Adam. Sai a yanka sararin duniya gida-gida kamar gurabun dara. A tsarin Turai faɗin kowane gida kamar kilomita 9 ne, a na Amurka kamar 13. Daga nan kwamfuta ta yi amfani da dokokin kimiyyar lissafi ta ƙididdige yadda iskar kowane gida za ta shafi ta maƙwabcinsa bayan 'yan mintoci, ta sake, ta sake, har ta kai mako guda ko biyu. Aikin ba ƙarami ba ne. Baturen da ya fara gwada shi da hannu, Lewis Fry Richardson, wanda ya buga bayaninsa a 1922, ya shafe kimanin mako shida yana lissafin yanayin awa shida kacal.

A nan gida muna da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wadda dokar 2003 ta kafa. Ma'aikatanta suna duba waɗannan tsare-tsare, su haɗa da awon tashoshinsu da sanin ƙasa, su fitar da hasashen kwana uku. A farkon kowace shekara kuma tana fitar da hasashen damina gaba ɗaya, mai nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. A ƙetaren iyaka Nijar tana da tata hukumar, kuma a Yamai ne cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya addabi yankin Sahel.

Abin da littafina ya nuna

Ranar Asabar da yamma na buɗe manhajoji uku, na laƙaba musu ta ɗaya, ta biyu da ta uku, na kwafe abin da kowacce ta ce game da kwana bakwai masu zuwa. Kowace yamma ina sake kwafewa, kowace safiya ina rubuta abin da ya faru.

A kan abubuwa uku bakinsu ya zo ɗaya tun daga ranar farko. Sun ce za a yi zafin rana mai tsanani, irin na Oktoba da mutanen Sakkwato suka sani. Sun ce laima za ta ragu zuwa ƙarshen mako. Sun kuma ce iska za ta soma juyawa ta koma fitowa daga arewa maso gabas. Dukkan ukun haka aka yi. Zuwa Asabar ta biyu leɓuna sun soma bushewa, wankin da aka shanya da hantsi ya bushe kafin azahar.

A kan ruwa ne suka rabu. Ta ɗaya ta ce za a yi ruwa mai yawa ranar Alhamis. Ta biyu ta ce yayyafi ne, kuma sai Juma'a. Ta uku ta ce babu ko ɗigo. Ranar Litinin ta ɗaya ta ɗage ruwanta zuwa Juma'a, ranar Talata ta dawo da shi Alhamis. Ta uku ba ta motsa ba sai ranar Laraba, lokacin da ta sa alamar gajimare.

Da na karanta wa kawuna wannan rikici a daren Talata, na zaci zai yi dariya ya ce duk shirme ne. Sai ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, wanda ya ce za a yi ruwa, da shi zan yi aiki. In ya yi ƙarya, na yi asarar wuni guda. In ya yi gaskiya ban ji ba, na yi asarar shekara." Ranar Laraba muka fita tun da asuba da amalanke, muka kwashe dammunan da suka bushe, sauran muka tattara su kan tudu muka rufe da tamfal, gyaɗa kuma aka shigar da ita zaure.

Ranar Alhamis bayan magariba gabas ta yi baƙi, walƙiya ta soma, iska ta taso da ƙura har ta ɗauke mana murfin randa. Muka jira. Abin da ya sauka a Sabon Birni yayyafi ne da ko ƙura bai kwantar sosai ba. Da safe direbobin da suka fito daga wajen Isa suka ce can an kwana ana ruwa, har kududdufai sun cika. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 50 ba.

To, wace manhaja ce ta yi gaskiya? Mutumin Isa zai ce ta ɗaya. Mutumin Sabon Birni zai ce ta biyu ta fi kusa. Wanda ke wani ƙauye arewa da mu, inda ko ɗigo bai sauka ba, zai ce ta uku. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Me ya sa suke saɓawa?

Dalili na farko shi ne ƙarancin awo. A Turai tashoshin auna yanayi suna kusa da juna. A yankinmu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba, masu sakin balan-balan kuwa sun fi ƙaranci. Saboda haka kowane tsari yana cike giɓin da nasa ƙiyasin, ka ga tun daga tushe sun bambanta.

Na biyu, ƙaramin bambanci a farko yana girma. Wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, ya gano haka a 1961. Ya sake shigar da lissafinsa cikin kwamfuta, maimakon 0.506127 sai ya taƙaita ya rubuta 0.506. Da farko sakamakon biyu suka tafi tare, daga baya suka rabu har babu kama. Shi ya sa hasashen gobe ya fi na jibi ƙarfi, na kwana bakwai kuma ya fi su rauni duka.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Ruwan Turai yakan zo ne da manyan guguwowi masu faɗin ɗaruruwan kilomita, waɗanda kwamfuta take hangowa tun da nisa. Namu kuwa yana farawa ne daga gajimare guda da zafin rana ya tayar, wanda a farkonsa bai kai faɗin gida ɗaya na darar kwamfuta ba. Tana iya gane cewa yau iska ta dace da hadari a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, amma a kan wane gari zai zube, wannan yana yi mata wuya. Wasu masu bincike a birnin Karlsruhe na Jamus sun nuna a 2018 cewa a yankinmu na Afirka, hasashen ruwan sama na manyan tsare-tsaren nan sau da yawa bai fi abin da mutum zai faɗa ba idan ya duba tarihin ruwan shekarun baya kawai. Wannan binciken a kan ruwa ne. A kan zafi da iska tsare-tsaren sun fi ƙwarewa, kamar yadda littafina ya nuna.

Masanan sun san da wannan rauni, shi ya sa ba sa gudanar da lissafi sau ɗaya su tsaya. Cibiyar Turai tana gudanar da shi sau 51, kowane da ɗan sauyi a awon farko, Amurka kuma sau 31. Idan 20 daga cikin 51 suka nuna ruwa a garinku, za a ce yiwuwar ruwa kamar kashi 40 cikin 100 ce. Ma'anarta ita ce, a ranaku goma masu irin wannan hali, ana sa ran ruwa a huɗu. Idan ba a yi ba, hasashen bai yi ƙarya ba. Hasashe ƙiyasi ne da aka gina kan awo da lissafi, ba sanin gaibu ba, wanda Allah kaɗai Ya bar wa kansa.

Ruwan da ba a garinku aka yi ba

Akwai wani darasi da bakin gulbi ya koya mini. Ranar Asabar, kwana biyu bayan hadarin, na ga ruwan Rima ya ɗan ƙaru ya yi ja, alhali mu ba mu sami ruwan kirki ba. Wani masunci ya ce da ni: "Wannan baƙon ruwa ne, daga sama ya gangaro."

Taswira ta gaskata shi. Gulbin Rima haɗakar koguna ne. Gagare yana biyowa ta Ƙaura Namoda a Jihar Zamfara. Bunsuru yana fitowa daga Jihar Katsina. Gulbin Maraɗi kuma yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya dawo Najeriya ya zuba a Rima. Mai shinkafa a fadamar Isa ko Sabon Birni, idan hasashen garinsa kaɗai yake dubawa, rabin labari ya ji. Sai ya duba na Ƙaura Namoda da Katsina da Maraɗi. Mutanen kwarin Rima ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, wadda ta cinye garuruwa da gonaki daga yankin Goronyo har Sakkwato, ta kuma karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Saboda irin wannan ne hukumar NIHSA mai lura da koguna take fitar da hasashen ambaliya kowace shekara.

Hasashen dattawa

Dattijon da ya raka ni Alƙalawa ba ya da babbar waya, amma yana da nasa alamomin. Ya nuna mini gawo yana tohon sabon ganye. Gawo itace ne mai zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saboda haka tohonsa alama ce damina ta juya baya. Ya nuna mini sheƙar shamuwa babu kowa a ciki, domin shamuwa da ruwa take zuwa, da shi take tafiya. Ya ce a duba raɓa da asuba, a kuma duba inda hayaƙin murhu yake karkata. Ya kuma ambaci ƙidayar taurari da malamai suke yi, wadda ta raba shekara gida 28, kowane kwana 13, ɗaya kuma 14, jimilla 365.

Idan kuka duba da kyau, hayaƙin murhu da kwamfutar Bolonya abu ɗaya suke nema: ina layin nan na iskoki biyu ya kai? Alamomin dattawa suna gaya mana inda shekara ta kai a wannan wuri. Kwamfuta tana hango abin da ke tafe daga Chadi da gabashin Nijar, inda idon dattijo ba ya kaiwa. Mai hankali yana riƙe duka biyun. Kar ku manta da rediyo ma. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa. A wannan kaka babu manhajar da ta yi wa kowa amfani a nan.

Idan aka tambaye ku a gida

Ga abin da zan ba ku shawara. Kada ku dogara da manhaja ɗaya, ku duba biyu ko uku, ku haɗa da sanarwar NiMet. Inda suka yi ittifaƙi, ku faɗa da ƙarfin gwiwa. Inda suka saɓa, ku faɗi gaskiya cewa sun saɓa, domin saɓanin ma labari ne, yana nufin ana iya yi, ana iya fasawa. Ku fi ba kwana uku na farko muhimmanci, abin da ya wuce kwana biyar ku ɗauke shi a matsayin ishara. Ku lura ko hasashen yana tsaye a kan magana ɗaya kullum ko yana tsalle daga rana zuwa rana. Sannan ku yi tambayar kawuna: idan na shirya ba a yi ba, me na rasa? Idan ban shirya ba aka yi, me na rasa?

Akwai kuma aikin da kowane aji zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ku kafa shi a fili nesa da itace da rufin ɗaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya ku auna zurfin ruwan da rula, ku rubuta, ku zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita, wato milimita 10 a gonar hekta guda lita 100,000 ke nan. A gefen awon ku rubuta abin da kowace manhaja ta ce kwana uku kafin ranar. Idan makarantar Isa da ta Sabon Birni da ta Gatawa suka yi haka damina guda suka haɗa littattafansu, za su san wace manhaja ta fi dacewa da yankinsu, kuma za su mallaki irin awon da manyan kwamfutocin duniya suke ƙarancinsa game da ƙasar Gobir. Ku nemi malamin labarin ƙasa ya tsara muku jadawalin masu awo tun yanzu, kafin shamuwa ta dawo.